Takardar Gwajin Jini Ba Ta Ajiya Ba Ce

Jama'a, kirana a yau a kan wata takarda ne da ke kwance a gidajenmu da yawa, an ninke ta huɗu an cusa a aljihun tsohuwar riga, ko a ƙasan akwati tare da rasit ɗin makaranta da katin zaɓe. Takardar sakamakon gwajin jini nake nufi. An ɗebi jinin mutum an auna, an ga wani abu ya kauce daga yadda ya kamata, wani lokaci har ma'aikacin ɗakin gwaji ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wata lamba ya ce, "Ka kai wa likita ya gani." Mai takarda ya ce to. Daga nan bai sake waiwayar maganar ba, don ba inda yake masa ciwo, ga kasuwa tana jira, ga kuɗin mota babu. Bayan shekara biyar ko goma sai a ɗauko shi ranga-ranga, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a kai shi asibitin koyarwa, likita ya duba ya ce an makara. Wannan makarar nake so mu yi wa taron dangi.

Yanzu gwajin jini ya shigo rayuwarmu ta ƙofofi da yawa. Wanda ya je bai wa ɗan'uwansa jini sai an gwada nasa kafin a ɗiba. Mace mai zuwa awo ana gwada ta. Mai neman shiga aikin soja ko ɗan sanda, da mai shirin tafiya aiki ƙasashen Larabawa, duk sai sun miƙa hannu an ɗebi jini. A 2024 gwamnan Kano ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa masu shirin aure gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta, da na sikila, kafin a ɗaura. Ina murna da wannan ci gaba. Amma inda muke asarar rayuka shi ne bayan an miƙo takardar. A ce wa mai ba da jini, "Malam, jininka ba zai yi ba," sai ya juya ya nemo wani ɗan'uwan ya maye gurbinsa, bai tambayi dalili ba, su ma ba su zaunar da shi sun yi masa bayani ba. A cire sunan mai neman aiki, ya koma gida yana takaicin aikin da ya kuɓuce masa, alhali an ba shi labarin da ya fi aikin nauyi nesa ba kusa ba.

Zan daɗe a kan ciwon hanta nau'in B, don shi ya fi fitowa a irin waɗannan gwaje-gwaje, shi kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Babban binciken gida-gida da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar wannan cuta. Kusan mutum ɗaya ke nan a duk sahun salla mai mutum goma sha biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya. Waɗanda aka gano suna da ita kashi 13 ne cikin 100, masu shan magani kuwa kusan kashi 3 kacal. Saboda haka wanda gwaji ya nuna masa yana da ita, Allah ya tsame shi daga cikin ɗimbin masu yawo da cutar ba su sani ba. Babbar dama ce ya samu, kuma ba ta da amfani sai ya bi ta har gaban likita.

Mun saba cewa jiki magayi ne. To, hanta ba ta saurin gaya wa mai ita. Tana iya yin shekara ashirin ƙwayar cuta tana cin ta a hankali, mutum yana nomansa yana kasuwancinsa, ba zazzaɓi ba ciwon ciki. Sai ta taurare ta ƙanƙance, ko sankara ta tsiro a cikinta, sannan alamu su fito: shawara, kumburin ciki da ƙafa, aman jini, rama. Waɗanda sankarar hanta take kwantarwa a asibitocinmu magidanta ne masu jini a jika, da yawansu ba su kai hamsin ba, su tafi su bar mata da ƙananan yara. Wani abin da ke ƙara wa wutar fetur a ƙasarmu shi ne gubar da ke fitowa a gyaɗa da masara idan suka yi funfuna a ajiya. Idan ta haɗu da ƙwayar cutar a hanta ɗaya, haɗarin sankara yakan ninka sau da yawa.

Gwajin da aka fi yi, wanda za ka ga an rubuta HBsAg a takarda, abu ɗaya yake faɗa: ƙwayar tana cikin jini. Ba ya faɗin tun yaushe ta shiga, ko yawanta, ko ɓarnar da ta yi wa hanta. Wannan aikin likitan hanta ne. Shi zai sa a auna yawan ƙwayar a jini, a auna sinadarin da hanta ke fitarwa idan tana jin jiki, wanda ake rubutawa ALT, a duba ƙwayoyin daskarar da jini, a ɗauki hoton ciki. Daga nan zai raba hanya. Wani ba ya buƙatar magani yanzu, sai dai a riƙa duba shi duk wata shida ko duk shekara. Wani kuwa ya kamata ya fara shan magani nan take. Maganin yana nan a ƙasar nan, tenofobir sunansa, ƙwaya ɗaya a rana. Galibi ba ya kawar da cutar ƙarƙaf, amma yana danne ta, ya bai wa hanta sararin farfaɗowa, ya rage haɗarin taurarewa da sankara sosai. Kuma ba magani ne da ake saya a kemis a sha wata biyu a ajiye ba. Wanda ya fara ya daina da kansa, cutar tana iya tasowa da ƙarfin da ya fi na da. Shi ya sa dole a fara shi a hannun wanda ya san kansa. Nau'in C kuwa, wanda shi ma ake gwadawa, yau ana warkar da shi gaba ɗaya da ƙwayoyin mako 12 a fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shi. Mutum ya zauna da cutar da ake warkarwa a wata uku har ta kashe shi, wannan abin kuka ne.

Na san inda mutane da yawa suke nufa da takardarsu: wurin masu lasifika a tasha da kasuwa, da masu talla a rediyo, waɗanda ke cewa ka sha jarka ɗaya ka koma gwaji za ka ga cutar ta ɓace. Har sukan kawo shaidu. Ga abin da ba za su faɗa muku ba. Baligi da ya kamu da nau'in B a sabo, jikinsa yakan kawar da ita da kansa cikin wata shida a fiye da kashi 90 cikin 100. Idan irin wannan ya sha jiƙo ya koma gwaji ya ga babu, mai jiƙo ya samu abin talla, alhali garkuwar jikin da Allah ya yi wa mutumin ce ta yi aikin. Mafi yawan masu ɗauke da ita a cikinmu kuwa tun suna jarirai ko ƙananan yara suka kamu, irin wadda take zama daram, kuma ita ba jiƙon da aka tabbatar yana fitar da ita. Duk abin da mutum ya haɗiya, hanta da ƙoda ne ke tace shi. Ɗora wa hanta mai rauni saiwoyin da ba a san ƙarfinsu ba yana iya ƙarasa ta.

Zuwa wurin ƙwararre yana ceton wasu ma bayan mai takardar. Idan aka same ka da ita, sai a gwada matarka ko mijinki da 'ya'ya da waɗanda kuke ciki ɗaya. Wanda ba shi da ita a yi masa allurar rigakafi sau uku, ya samu kariya. Najeriya ta shigar da wannan allura cikin rigakafin yara a 2004, don haka mafi yawan waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba. Mai juna biyu da aka samu da ita, idan ƙwayar ta yi yawa a jininta, akwai maganin da ake ba ta a watannin ƙarshe don kare abin da ke cikinta, kuma jaririn dole ya samu allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Jaririn da ya kamu a lokacin haihuwa, kusan 9 cikin 10 sukan zauna da cutar har girma. Matanmu da yawa a gida suke haihuwa, don haka nauyin nan a wuyan maigida yake: kada a jira suna, a kai jaririn asibiti a ranar da ya faɗo. Sannan ina roƙon iyaye da waliyyai, kada a rushe aure saboda wannan sakamako kafin a ji ta bakin likita. Cutar ba ta yaɗuwa ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musafaha, ko gumi, kamar yadda ake yayatawa. Hanyoyinta jini ne, da saduwa, da haihuwa, da haɗa reza ko aska ko allura. Idan ɗaya daga cikin masu shirin auren yana da ita ɗayan ba shi da ita, rigakafi yana kare shi. Wulakancin da muke yi wa masu ita shi ne babban abin da ke sa su ɓoye takardunsu.

Ƙoda ita ma kamar hanta take, shiru gare ta. Mutanen Gashuwa da Nguru da Haɗeja ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ciwon ƙoda yake yi wa gida. A takardar gwaji akwai wani sinadari da ake kira kiriyatinin, dattin da ƙoda ke fitarwa daga jini. Idan ya hau, alama ce ƙoda ta fara gazawa. Daga shi likita yake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. Idan lissafin ya tsaya ƙasa da 60 har wata uku, ciwon ƙoda ya zauna. Idan ya faɗo ƙasa da 15, ƙoda ta kusa tsayawa. Tsakanin 60 da 15 akwai tafiya mai tsawo, sau da yawa ta shekaru, kuma a nan ne likitan ƙoda yake da abin yi: ya daidaita hawan jini da suga, ya zaɓi magungunan da ke kare ƙoda, ya rage gishiri, ya hana magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen da mutanenmu ke sha kullum bayan wahalar aiki, waɗanda ke ƙara nakasa ƙodar da ta raunana. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, kuma abin alfahari ne. Amma mutum nawa ne a cikinmu ke da halin dashe, ko wankin ƙoda sau biyu ko uku duk mako? Mun ga gidajen da aka sayar da gona da fili da shanu a kan wankin ƙoda, kuɗi suka ƙare, mara lafiya ya tafi. A cikin irin waɗannan gidaje, in ka bincika, wani lokaci za ka tarar da tsohuwar takardar da ta yi gargaɗi tun da sauran lokaci.

Sai ƙarancin jini. Idan aka ce wa mutum jininsa ya yi ƙasa, mun riga mun san abin da za a yi: a sayo maganin ƙarin jini na kwalba, a dafa zoɓo, a haɗa madara da lemon malt. In abin ya yi tsanani a ƙara masa leda ɗaya ko biyu a sallame shi. Amma tambayar da ta kamata ita ce, ina jinin yake tafiya? Lambar da ake rubutawa PCV, a namiji baligi mai lafiya takan kai 40 ko sama, a mace ƙasa da haka kaɗan. Idan ta faɗi, dalilin yana iya zama maleriya, ko tsutsar ciki, ko ƙarancin sinadarin ƙarfe a abinci, ko yawan zubar jinin al'ada, waɗanda likitan asibitin gari zai iya magancewa. Yana kuma iya zama gyambon ciki mai tsiyayar jini, ko sankarar hanji, ko ƙoda, ko cuta a cikin ɓargo inda ake ƙera jinin. Duk wanda aka ƙara wa jini ya sake faɗuwa, ko dattijon da jininsa ya ragu ba a san dalili ba, ko wanda fararen ƙwayoyin jininsa suka yi mummunan hawa ko faɗuwa, ko ƙwayoyin daskarar da jininsa suka ƙi dawowa daidai bayan ya warke daga zazzaɓi, wannan na likitan jini ne. Kada sunan sankarar jini ya sa a yanke ƙauna. Akwai nau'inta mai tafiya a hankali wanda ake riƙe shi da ƙwayar imatinib, masu shan ta suna shekaru suna harkokinsu, kuma an daɗe ana bai wa 'yan Najeriya ita kyauta ta asibitin koyarwa na Ile-Ife. Sai wanda aka gano cutarsa ne zai kai ga wannan taimako.

A nan dole in ambaci "maleriya da taifot", amsar da ta zama ta kowane ciwo a garuruwanmu. Gwajin Widal da ake dogaro da shi wajen cewa mutum yana da taifot ba shi da tabbas, yakan nuna akwai alhali babu. Mutum ya yi wata uku yana zazzaɓi yana ramewa, duk zuwa a ce taifot ne, a ɗaura ruwa a yi allurai, alhali tarin fuka ne ko cutar jini ko wani abin daban. Idan an yi maka maganin abu ɗaya sau biyu ba sauƙi, lokacin neman a tura ka gaba ya yi.

Sikila kuwa mun fi saninta, tunda kusan jarirai 150,000 ake haifa da ita duk shekara a Najeriya. Yaron da gwaji ya nuna SS ne a kai shi asibitin da ke da ranar ganin masu sikila tun bai fara kwanciya ba. Likitocin Kano, tare da takwarorinsu na Amurka, sun yi binciken da ya nuna maganin haidiroksiyuriya yana kare yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ilimin a garinmu aka samo shi, bai kamata yaranmu su rasa amfaninsa ba.

Kada wani ya fahimce ni a kan cewa duk lambar da ta ɗan gota cuta ce. Ciki yana rage jini kaɗan. Maleriya tana girgiza lambobi su dawo daidai bayan an warke. Ƙishirwa da gudawa suna iya ɗaga kiriyatinin na ɗan lokaci. Ɗakin gwaji ma yana kuskure, musamman irin waɗanda ba su da rajista. Shi ya sa matakin farko shi ne a koma wurin likitan da ya rubuta gwajin, in kuma ba likita ne ya rubuta ba, a yanki kati a babban asibiti mafi kusa. Mai kemis ba shi ne mai fassara takardar ba, haka ɗan'uwan da ya iya Turanci ya duba a intanet. Idan ka zauna gaban likita, buɗe baki ka yi tambaya: "Likita, me wannan lambar take nufi? Sai an maimaita gwajin? Akwai ƙwararren da ya kamata ya gan ni? A wane asibiti, kuma nan da yaushe?" Wannan ba rashin kunya ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin sanar da mara lafiya halin da yake ciki da hanyoyin maganin da ke gabansa. Idan likita ya ce a maimaita bayan wata ɗaya, a rubuta ranar a koma. Idan ya ce sai an je gaba, kada a fito sai da takardar turawa a hannu, wadda ya rubuta abin da ya gani da abin da ya riga ya yi. Da ita ake shiga layin ƙwararru a asibitin koyarwa ba tare da an fara komai daga farko ba.

Ƙwararrun nan suna nan, ko da ba su wadata ba. Suna Asibitin Malam a Kano, suna Shika a Zariya, suna asibitocin koyarwa na Sakkwato da Maiduguri da Jos da Bauchi da Gwambe da Katsina, wasu kuma suna asibitocin tarayya irin na Gusau da Nguru da Azare da Birnin Kudu. 'Yan'uwanmu na Nijar, waɗanda takardunsu ke fitowa da Faransanci, suna da manyan asibitocin Yamai da Maraɗi da Damagaram. Kafin a kama hanya a bincika ranar da likitan hanta ko na ƙoda ko na jini yake ganin mutane, don ba kullum ba ne. A tafi da duk tsofaffin takardu, har waɗanda suka yi shekaru, domin likita yana son ganin inda lamba ta taso da inda ta nufa. A tafi da kwalayen duk maganin da ake sha, har na gargajiya, kada a ɓoye. A ɗauki hoton takardun a waya saboda ɓata. Idan aka ba da rana mai nisa, a riƙe ta, a kuma tambayi abin da za a yi kafin ta zo. Amma akwai halin da ba ya jiran rana: aman jini, baƙin bayan gida, ɗaukewar fitsari, haki da fari fat na ido da tafin hannu, ruɗewa ko yawan barci ga mai ciwon hanta ko ƙoda ko suga. Wannan sashen gaggawa za a nufa, ko da tsakar dare ne.

Na san maganar kuɗi tana nan, kuma ba zan raina ta ba. Gwajin yawan ƙwayar cutar hanta yana da tsada ga talaka. Kuɗin mota daga ƙauye zuwa birni, da kwana, da barin sana'a, duk nauyi ne. Amma mu dubi halinmu da gaskiya. Idan ɗan'uwa ya kwanta rai a hannun Allah, dangi sukan haɗa dubban ɗaruruwa cikin kwana biyu, a kai ƙoƙon bara masallaci da rediyo. Wannan zumunci ne mai kyau, sai dai yana zuwa a lokacin da kuɗi ba sa iya sayen komai. Ina kira ga 'yan'uwa da ƙungiyoyin unguwa da masu fitar da zakka su kawo kaɗan daga cikin wannan taimako tun mutum yana tafiya da ƙafarsa. Alhaji, idan yaron shagonka ko direbanka ya nuna maka irin wannan takarda, ba shi kuɗin mota da hutun kwana biyu, kada ka sallame shi. A kuma nemi shiga inshorar lafiya. Dokar 2022 ta wajabta ta ga kowane ɗan Najeriya, jihohi suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, kuma manyan asibitoci suna da ofishin jin ƙai da ake kai kukan marasa hali.

Magidanta, takardun matanku fa? Mace ta dawo daga awo an ce mata jininta ya yi ƙasa sosai, ko an ga ciwon hanta, ko suga ya hau, an ce ta je babban asibiti. Ta faɗa wa maigida, ya ce bari a ga yadda hali zai yi. Ita ba za ta fita ba da izini ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta yi ta nanatawa ba. Kai ne za ka tambaya, kai ne za ka kai ta. Iyayenmu mata, ku ma ku sa baki, domin maganarku tana da nauyi a wurin 'ya'yanku. Malamanmu masu hawa mumbari, jama'a suna jin ku fiye da kowa. Ku gaya musu cewa neman magani ba ya warware tawakkali, kuma wanda aka nuna wa cuta tun tana ƙarama ya zauna bai nemi magani ba, ya yi sakaci da amanar jikinsa da haƙƙin iyalinsa. Limamin da aka kawo wa takardar gwajin aure ya ga akwai matsala, ya tura su wurin likita cikin sirri, kada maganar ta zama ta bakin unguwa.

Ku kuma ma'aikatan lafiya, ina girmama wahalarku, na san mutum ɗaya yana ganin layin da ya fi ƙarfin mutum biyar. Duk da haka, minti biyu na bayani da Hausa yana iya sauya ƙarshen labarin mutum. Kada a miƙa wa mai ba da jini hukuncin "ba zai yi ba" a bar shi ya tafi hannu rabbana. A faɗa masa abin da aka gani, a rubuta masa inda zai je. Ma'aikacin ƙaramin asibiti da mai asibitin kuɗi, tura mara lafiya gaba ba gazawa ba ce, kuma riƙe shi ana ɗaura masa ruwa alhali an san abin ya fi ƙarfin wurin zalunci ne. Mai kemis da aka kawo wa takarda, faɗi gaskiya ka ce wannan ta likita ce, Allah zai kawo maka wani cinikin. Ƙwararrun asibitocin koyarwa, idan kun gama dubawa ku rubuto wa likitan da ya turo abin da za a ci gaba da yi, don kada mutumin ƙauye ya riƙa zarya birni a kan abin da za a iya yi masa kusa da gida.

Gwamnatocin jihohi da 'yan majalisa, wanda ya wajabta gwaji ya ɗauki nauyin abin da gwajin zai tono. Muna so a sa a doka cewa duk wurin da ke gwada jinin masu aure ko masu ba da jini sai ya kasance yana da mai yi wa mutum bayani a keɓe, da sunan asibitin da zai tura shi. Muna so ƙwararrun likitocin hanta da ƙoda da jini su riƙa ziyartar manyan asibitocin ƙananan hukumomi ko da sau ɗaya a wata, gwamnati ta ɗauki nauyin tafiyar. Muna so gwajin yawan ƙwayar cutar hanta da maganin tenofobir su shiga cikin abin da inshorar jiha take biya. Muna so allurar ranar haihuwa ta kasance a kowane asibitin sha-ka-tafi da ake karɓar haihuwa, har Asabar da Lahadi, tunda haihuwa ba ta san ranar hutu ba. Ɗan majalisar mazaɓarku yana da gida yana da ofis, kuma zai dawo neman ƙuri'a. Ƙungiyoyin matasa da na mata da kwamitocin masallatai su rubuta waɗannan buƙatu huɗu su kai masa, su nemi ya faɗa musu ranar da zai gabatar da su a zauren majalisa.